Buhun Gahawa a Ɗakin Mma Adiza

Wari ne ya fara tarbata a Ankara, tun ban ga fuskar kowa ba. Ankara dai ita ce Accra ta ƙasar Gana, haka bakin mutanenmu ya saba kiranta. Motar shanun da ta kwaso mu daga arewa ta juye mu da hantsi kusa da Zongo Lane, ƙafafuna a kumbure, ƙullin kayana a ƙirji. Na shaƙi iskar garin sau ɗaya. Gishirin teku ne, da ƙarnin kifi, da manja mai ƙuna, da wani abu can ƙasa-ƙasa wanda ban san sunansa ba sai daga baya. Na ja bakin rawanina na toshe hanci. Wata mai tallan burodi ta dube ni ta kwashe da dariya.

Ba iyayi ne ya sa na toshe shi ba. Hancin nan shi ne jarina, ban zo da wani ba.

Kawu Tanimu, wan mahaifiyata, ya yi shekaru a Sudan lokacin da ake zuwa Makka ta ƙasa, ya dawo Damagaram da sana'ar suyar gahawa. A hannunsa na tashi. Shi ba ya koyarwa da dogon bayani. Sai ya ɗebo ɗanyun 'ya'yan gahawa ya kara maka a hanci ya ce, "Me ka ji?" In ka ce ƙasa, ya ce jiƙaƙƙiya ko busasshiya. In ka ce hayaƙi, ya ce na wane itace. Amma in ka kuskura ka ce masa "gahawa" kawai, to ranƙwashi ne zai sauka a tsakar kanka, don a wurinsa wannan amsar wanda bai ji komai ba ce. Kaina ya sha ranƙwashi har hancina ya buɗe.

Da na ji fataken goro suna cewa a Gana gahawa a bishiya take fitowa, masu ita kuma ba su ma sha, sai na ce can za ni. Kawu bai hana ba. Ya ɗauko jabanarsa, 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da ake dafa gahawa a ciki, wadda ya taho da ita tun daga Sudan, ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Ya naɗe ta a tsumma ya miƙo mini.

"Ilu, aro ce, ba kyauta ba. Muddin hancinka yana gaya maka gaskiya, riƙe ta. Ranar da ya daina, zan karɓi abata. Ba za a shayar da mutane ƙarya da tukunyata ba."

Da wannan sharaɗin na sauka ƙasar mutane.

A Zongo Lane na fara sanin halin gari. Wani mai farar riga da carbi har gwiwa ya ji Hausata, ya taho da sauri ya rungume ni, wai shi ma asalin kakansa Damagaram. Ya tambayi unguwarmu, na faɗa, ya dafe ƙirji ya ce ai can aka haifi ubansa. Ya karɓi tabarmata da jakar tufafina don ya rage mini nauyi, ya ce in zauna a gindin masallaci ya nemo mana masauki. Ƙullin jabana kaɗai na hana shi, don ko banɗaki da shi nake shiga. Aka yi azahar ina zaune, aka yi la'asar ina zaune. Har yau bawan Allah yana can yana nemo mana masaukin.

Ladanin masallacin, wani tsoho Bazabarme, shi ya lura da ni. Ya saya mini koko da ƙosai, ya saurari labarina, kuma bai yi dariya ba, abin da har gobe nake gode masa a kai. Ya ce in hau mota zuwa Nima in tambayi gidan Baba Seidu, shi yana sauke baƙin arewa.

A zango, wato unguwar baƙin arewa, baƙo ba ya zama haka kawai. Sai yana da maigida, wato mutumin da zai ba shi ɗaki, ya tsaya masa in rigima ta taso, ya adana masa kaya, in ya mutu ya binne shi. Kai kuma naka shi ne ladabi, kada ka taɓa nuna kana shakkar gidansa. Baba Seidu asalinsa Mosi ne, matarsa Mma Adiza Dagomba ce, Hausar zango ce ta haɗa su. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ba ni da ko tabarma.

"An wanke ka a Zongo Lane ko?" ya ce. "Ba komai, kowa haka ya fara. Nan gida na ka ne. Mma Adiza zai ba ka abinci."

Ɗakin da ya ba ni yana bayan gida, tagarsa tana kallon babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi. A nan na gane sunan abin da na ji can ƙasa-ƙasa. Ba abin da ba ya bi ta kwatar nan: ruwan wanki, kayan cikin dabba, mushen kaza, da abin da ba a faɗa a gaban abinci. Kuma a bakinta mata ke jera teburan shinkafa da wake, a bakinta maza ke shimfiɗa benci suna hira suna ɓare gyaɗa. Na ce a raina, waɗannan mutane ko dai waliyyai ne ko hancinsu ya mutu, kuma ban ga alamar walittaka ba.

Sai abinci ya zo. Tuwo ne mai laushi da miyar kuɓewa, ga shi yunwa ta ci ni. Na kai loma ɗaya, na ruga bayan ɗaki na amayar har da kokon ladan. Ashe sana'ar Mma Adiza ke nan, sayar da momoni. Kifi ne ake bari ya ruɓe cikin gishiri, a shanya shi, a riƙa gutsurawa ana jefawa a miya. Ita ke sarar shi daga bakin teku tana sayar wa matan unguwa. Ta biyo ni da ruwa a moɗa tana jijjiga don dariya.

"Ilu, ci mana! Miya da ba momoni, wannan ruwa ne koraa, ruwa zalla. Za ka saba."

Na ce Allah ya kiyaye. Na daɗe ina rayuwa a kan burodi da gyaɗa, in dare ya yi in tuna furar gidanmu da iskar Damagaram wadda ba ta ɗauke da komai, in ji kamar in yi kuka. Amma yunwa ba ta san fushi ba. Sannu a hankali na fara cin gayan tuwo, sannan na fara dangwalar gefen miyar ina toshe hanci.

Sana'a kuwa a Maamobi na fara ta, tare da wani Awudu, ɗan unguwa mai bakin tsiya da fara'a. Shi yake da rumfa, ni nake da hannu. Wani maƙeri a Alajo ya yanka mana ƙaramar ganga ya sa mata mariƙi, ana juya ta a kan gawayi. Zamanin kalabule ne, yadda suke kiran ɓoye kaya da tsuga tsada, gahawar gwangwani ta ɓace daga kantuna, don haka muka samu shiga. Nakan sayo ɗanya a kasuwa, in zauna in tsince ta ɗaya bayan ɗaya, in fid da baƙaƙe da masu huji da tsakuwar da 'yan sari suka zuba don nauyi. Sannan in juya ganga, kunnena yana jiran ƙas-ƙas ɗin da take yi in ta fara fashewa, hancina yana jiran lokacin da ƙanshin ciyawa zai bar ta, na ƙuna kuma bai iso ba. Tsakanin waɗannan biyun sana'ar take, kuma tsakanin ba shi da faɗi. In na sauke sai in sheƙe ta a faifai, in daka a turmin da ba a taɓa daka komai a cikinsa ba.

Masu saye ne suka fara kashe mini jiki. Mutum zai karɓi gahawar da na sha wahala a kanta, ya narka mata sukari har cokali ya tsaya, ya tuttula madara, ya tsoma burodi mai man shanun gwangwani, mai yana yawo a sama, ya kurɓa ya ce, "Shayin nan ya yi paa." Shayi! Nakan kau da kai don kada a ga fuskata. 'Yan tsofaffin alhazai ne kawai, waɗanda suka taka ta Sudan, suke zuwa bayan la'asar in dafa musu a jabana su sha a finjali. Saboda su nake buɗe rumfa da ƙwarin gwiwa.

Wata safiya na makara, ina doso rumfar tun daga bakin titi na ji ƙaurin masara. Na tarar da Awudu ya cika gangata da masara da ƙwayar rai-ɗore, ya ƙona su baƙi, ya zuba sukari da mai don su yi sheƙi, yana shirin gauraya su da tawa. Na ce masa wace irin ƙazanta ce wannan.

"Cale, abokina, kwantar da hankali," ya ce, ko kunya babu. "Baƙi ne? Baƙi ne. Ɗaci ne? Ɗaci ne. Mutane ba su san komai ba. Kai kaɗai kana da hanci a Ankara?"

Na ce eh, ni kaɗai ne, tunda ku kun sayar da naku. Muka rabu a ranar. Baba Seidu ya tsaya mini har aka bar mini gangar, na ƙone ta a wuta na goge da yashi kafin na sake sa mata gahawa. Na kafa 'yar rumfata ta wajen Kotobabi. Abin takaicin, jama'a Awudu suka bi. Tasa ta fi araha, ta fi baƙi, kuma wai ta fi ƙarfi. Ina zaune ina kallon mutane suna layi don shan ƙonanniyar masara suna lashe baki, ni kuma ƙudaje ne abokan hirata. Na tsani garin a lokacin nan, tsana ta gaske.

Shekaru suka ɗan tura a haka, ba yabo ba fallasa. Na daina ɗaure rawani a hanci, har nakan ce wa baƙi ai kwatar ta yi sauƙi yanzu, ba kamar da ba. Miyar Mma Adiza ma na daina toshe mata hanci. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, na ɗauka girma ne ya zo.

Da na gaji da tsintar shara a kasuwa sai na ce bari in je inda bishiyar take. Na hau mota zuwa duwatsun gabas, wajen iyakar Togo. Tafiya ce ta cunkoso, akuya a ƙafata, ƙwaryar wata mata a cinyata, yaron bayana ya yi mini amai a wuya. Da na isa kuma na ga yadda ake yi wa gahawa, na gwammace aman. A tsige ta gaba ɗaya, ja da kore da ruɓaɓɓiya, a baza a ƙasa a bakin hanya, kaji su tona, awaki su bi ta kai su bar saƙonsu, raɓa ta jiƙa ta ta yi fumfuna, sannan a share da tsintsiya har da ƙasar a ɗura a buhu. Ashe abin da nake tsincewa ke nan duk shekarun nan.

A can saman dutse na samu wata dattijuwa da kowa ke kira Daavi, tana da 'yan bishiyoyi a ƙarƙashin inuwar ayaba. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu. Ta tsaya tana kallona ina zaɓar jajayen 'ya'ya kaɗai, ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar ƙwarƙwata. Ta kira maƙwabta suka zo kallon mahaukaci. Amma washegari sai ga ta da kwando, ita ma ja kaɗai take tsinka. Ta ba ni rumbun da ba kowa na kwana a ciki, tana aiko mini da doya da manja. Na kafa gadon kara sama da ƙasa, na shimfiɗa tabarma na baza gahawar. In yamma ta yi ita ke rufe ta saboda raɓa, kuma na ga ta bi akuyarta da muciya don ta matso kusa. Har aka gama kaka ina wurinta.

Ranar da ta bushe aka sussuke, na soya tafi guda a kasko. Wallahi ban taɓa jin irin ƙanshin nan ba, ko a hannun Kawu. Furen lemo ne a sama, a ƙasa kuma wani zaƙi irin na busasshen dabino. Iskar dutse ta wanke mini kai, na ji shi tas. Na dafa a jabana na ba Daavi. Matar da ta tsufa tana noman abin ba ta taɓa kai shi baki ba. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta tofar, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta sake miƙo finjalin. Da zan tafi ta raka ni har bakin mota tana riƙe da kunnen buhun.

Buhu ɗaya tak na samu, shi ma bai iso Nima a cike ba. A kowane shinge masu tsaron hanya sai sun soka masa ƙarfe, wai suna neman kayan sumoga, kuma abin da ya zubo nasu ne. Na zauna a kansa duk tsawon hanya ina toshe hujin da tsumma, ina tsine musu a zuci ina yi musu murmushi a fuska. Na kai shi ɗakina na ɗora a kan katako, na ce wannan ba ta masu burodi ba ce, a hankali zan riƙa taɓa ta.

Damina ta sauka, zazzaɓi ya kayar da ni. Ban san inda kaina yake ba. Mma Adiza ce ta riƙa dafa mini ganyen darbejiya tana yi mini sirace, tana ɗura mini kunu da cokali kamar ɗan da ta haifa. Ana cikin haka aka yi wani ruwa mai ƙarfi, kwata ta cika ta tumbatsa, ta shigo gida da duk dukiyarta. Da na farfaɗo na ga shatin ruwan a bango, buhu kuma babu. Na ƙwalla ihu. Baba Seidu ya shigo yana dariya.

"Kwanta, ɗana. Ruwa bai taɓa shi ba. Ni da kaina na ɗauka a kai, na kai ɗakin Mma na ciki. Kayan baƙo amana ne. Inda dukiyar gida yake kwana, nan na ka zai kwana. Makulli yana wuyan Mma, ɓarawo ba ya shiga, ruwa ba ya shiga."

Tsoho ne, bayansa ma ciwo yake, amma ya shiga ruwan kwata har gwiwa don buhuna. Na yi godiya har da ƙwalla. A al'adar zango wannan ita ce karramawa mafi girma, a sa kayanka a ɗakin uwargida. Baƙo namiji kuwa ba ya taka ɗakin nan, ko leƙe ba ya yi. In kuma ka ce a fito maka da kayanka, to ka ce ba ka yarda da gidan ba ke nan. Saboda haka buhu ya zauna. In zan yi suya sai in tsaya daga tsakar gida in yi sallama, Mma ta shiga ta auno mini a ƙwarya ta miƙo. Na san sarai abin da take sayarwa. Ban taɓa tambayar kaina inda take ajiye shi ba.

Daga nan kasuwa ta buɗe mini. Mutanen da suka guje ni suka fara dawowa, har masu burodi suna shanta ba madara. Wani tsoho daga cikin alhazaina ya kurɓa ya lumshe ido.

"Yauwa Ilu, yanzu ka iya. Da can kamar magani yake. Yanzu yana da ɗanɗanon gida."

Kaina ya kumbura. Na ce gaskiya ce ta yi halinta, gahawar Daavi ta koya wa Nima hankali. Har Awudu ya lallaɓo wata rana, ya sha finjali guda, ya juya shi a baki, ya matso kusa da kunnena.

"Cale, tsakani da Allah, me kake sawa? Akwai wani abu a ciki. Gaya mini, ba zan gaya wa kowa ba."

Na kore shi da zagin da ban san na iya ba. Ni zan sa wani abu? Na bi shi har bakin titi ina faɗa masa cewa ba kowa ne maƙetaci irinsa ba. A ranar na ba fataken goro saƙon baki zuwa Damagaram, na ce a gaya wa Kawu na samu gahawar da ta fi ta Sudan, kuma na ɗora mutanen Ankara a hanya.

Ban zaci zai zo ba, amma ya zo. Ya biyo motar goro da tsufansa, ya sauka a Nima rawaninsa a kan hanci, idanunsa sun yi ja. Na yi masa dariya na ce, "Kawu, ai yanzu da sauƙi." Ya dube ni ya ƙara jan rawaninsa. Baba Seidu ya yanka masa zakara, aka kawo tuwo, Kawu ya ce cikinsa bai daidaita ba saboda hanya, ya sha ruwa kawai.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na yi sallama, Mma ta buɗe ɗaki ta auno mini mai yawa don baƙo. Na hura gawayi na ɗora kasko, don Kawu ya ga hannuna da idonsa. Ban taɓa suya mai kyan ta ranar ba, ta fashe a kan lokaci, ta yi launin dabino bai ɗaya. Na ɗauki kaskon da hayaƙinsa na kai gaban babban baƙo, kamar yadda shi ya koya mini, don ya fifito ƙanshin da hannu. Ya fifito sau ɗaya. Hannunsa ya tsaya a sama, sannan ya sauke shi a hankali a kan gwiwa. Na ɗauka daɗi ne ya kama shi.

Na daka, na dafa a jabanarsa, na tsiyaya a finjali. Ya karɓa ya shanye a gaban maigida, bai bar ɗigo ba. Ya juya wurin Baba Seidu ya ce, "Allah ya saka da alheri. Kun riƙe mini ɗa, kun riƙe amana." Baba Seidu ya ji daɗi, ya ba shi labarin ruwa da buhu da ɗakin Mma, Kawu yana gyaɗa kai.

Da aka tashi ya ce in biyo shi ɗakina da sauran ɗanyar da ke ƙwarya. Ya tura ƙofa. Ya ɗebo tafi guda ya kara mini a hanci, kamar ina yaro.

"Me ka ji?"

Na shaƙa. Na nemi furen lemo, na nemi dabino, na nemi ko da ƙasa ce ko hayaƙi. Na sake shaƙa har ƙirjina ya yi zafi. Na san amsar da ba a bayarwa, amma ba ni da wata.

"Gahawa, Kawu."

Na sunkuyar da kai ina jiran ranƙwashi. Bai zo ba. Da ma ya zo, da na fi jin sauƙi.

"Kifi ne, Ilu," ya ce a hankali, don kada a ji daga waje. "Ruɓaɓɓen kifi. Ɗanyar gahawa tana shan duk abin da ta kwana da shi, ka sani tun kana ƙarami. Ta sha har cikin ƙwayarta. Tun daga ƙofar gida na ji shi a rigarka."

Sai maganar tsohon alhaji ta dawo mini, ɗanɗanon gida. Sai tambayar Awudu ta dawo mini. Ashe maƙetacin da na bi da zagi har titi, hancinsa ya fi nawa rai. Na ce bari in je in yi wa Mma magana. Kawu ya riƙe mini hannu.

"Ka ce mata me? Ta ajiye maka kaya kusa da abin da ya fi komai daraja a wurinta. Mijinta ya shiga ƙazanta don kai. In ka buɗe baki a kan wannan, ban haife ka ba, ban rene ka ba."

Ya ɗauki jabanar ya fita bayan ɗaki, na bi shi. Na san abin da ya rage, zai wanke abarsa ya naɗe. Ya wanke ta da ruwan zafi ya shinshina. Ya cuɗa ta da toka ya ɗauraye ya shinshina. Ya kanga ta a wuta har ta bushe, ya sa hancinsa a dogon wuyan nan ya daɗe. Tukunyar ƙasa ce, ita ma ta sha abin da aka daɗe ana ba ta. Ya shafa ta da tafin hannu kamar mai shafa kan yaro, sannan ya ajiye ta a ƙasa a gabana.

"Da na ji saƙonka, na taho ne in ce maka ta zama taka har abada," ya ce. "To, ga ta nan. Na bar maka."

Washegari ya bi motar goro ya koma. Mma Adiza ta ƙulle masa tsaraba a ganye, momoni mafi kyau a cikin kayanta, ya karɓa da hannu biyu ya sa mata albarka. Da na dawo daga rakiya ta ajiye mini tuwo, ta ce in ci kada kewar kawu ya hana ni. Na zauna na buɗe kwano ina jiran zuciyata ta tashi, ina roƙon ta tashi. Ba ta tashi ba. Miyar ta yi daɗi, na cinye na suɗe kwanon, kuma duk ƙyamar da na yi wa garin nan ba ta kai wadda na ji a lokacin ba.

Ban sake suyar gahawa ba. Gangar kuwa, gyaɗa nake soyawa a cikinta har na bar Gana, gyaɗa ba ta tambayar hanci. Jabanar tana nan tare da ni a kan kantar ɗakina, ba wanda ya isa ya taɓa ta. Shekaru sun wuce, Kawu ya rasu, na bar bakin kwata tuntuni. Wani lokaci in ba kowa a ɗaki nakan sauko da ita, in sa hancina a wuyanta, in tambayi kaina me na ji.

Gahawa nake ji.